Sunan Da Bai Hau Shafi Ba

Shagona a Dutsen Kura ɗaki ɗaya ne, kwamfuta uku da injin hoton takardu. Ban yi karatu mai zurfi ba. Daga sakandare na shiga koyon buga takardu a wajen wani maigida, a can kuma na tsinci haɗa shafin intanet da wata tsohuwar manhaja. Yadda ya nuna mini haka na riƙe, ban taɓa tambayar dalili ba. Ayyukan mutane duka yana ajiye su ne a cikin foldar manhajar kanta, ni ma da na buɗe nawa shagon can nake zuba su.

Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wata ƙaramar makarantar koyon aikin lafiya a nan Minna. Mai kula da ɗaukar ɗalibai wata dattijuwa ce Kirista, tsohuwar nas, kowa Mama yake ce mata. Duk shekara takan kawo mini sunayen waɗanda aka kira ganawa, in ɗora a shafinsu, don na nesa su huta da zuwa duba allo.

A shekarar da nake magana, sabon tsarin kwamfuta ya shigo gari, mai kyalli da ado. Na gan shi a wani shago a Bosso, raina ya biya. Ba abin da tsohon ya yi mini. So nake kawai wanda ya leƙo shagona ya ga ni ma na waye. Na samo faifai na ɗora, saƙonni suka yi ta fitowa a allo, ina ta danna amincewa ba tare da na karanta ko ɗaya ba.

Ranar wata Litinin Mama ta zo da takarda a hannu. Ta ce an tsallake suna ɗaya cikin waɗanda na ɗora makon jiya, wata mata ce daga Kagara, takardunta sun maƙale a cikin na wani. Ƙanen matar ya zo ya yi ƙorafi, an ce masa za a bincika, ya duba shafi ranar Talata. Ganawa kuwa ranar Alhamis ce da safe, wanda bai zo ba sai baɗi.

“Ɗana, ka sa shi yau. Yaron direba ne, in ya duba goben nan ya kama hanya ke nan.”

Na ce an gama, Mama. Na buɗe manhajar, na ƙara sunan, na adana, na ɗora. Ban buɗe shafin na duba ba.

Da yamma ta kira ta ce ba ta ga sunan ba. Na ce sabis ne, zai fito. Washegari ta sake kira. A nan ne na duba, na ga da gaske babu. A cikin manhajar sunan yana nan ɓaro-ɓaro, a shafi kuwa tsohon jeri ne. Na sake adanawa, na sake ɗorawa, har sau biyar. Zuciyata ta faɗa mini abin da na taɓa, don kafin in sauya tsarin hakan bai taɓa faruwa ba. Amma da na kira ta sai na ce matsalar daga can Turai take, inda ake ajiye shafukan. Wanda ba shi da masaniya bai iya musu da Turai. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Laraba da safe na aika wa abokina mai gyaran kwamfuta, mutumin Bida. Ni asalinmu Katsina, don haka tun daga bakin ƙofa ya fara tsokanata, irin wasan Banufe da Bakatsine.

“Bawana ya ɓata kaya, sai ubangidansa ya zo. Me ka yi wa kwamfutar?”

“Zauna ka yi aiki, Banufe. Ka bar kifi ya huta yau.”

Ya shiga bin foldoji ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe fayil ɗin da nake ɗorawa, ya nuna mini ranar da aka taɓa shi na ƙarshe: makon jiya. Sannan ya shiga wani lungu da ban san da shi ba, sai ga wani fayil mai suna iri ɗaya, da sunan matar a ciki.

Ya ce sabon tsarin ba ya barin tsohuwar manhaja ta yi rubutu a foldarta. Ba ya kuma faɗa mata ya hana. Sai ya karɓa ya kai wani ɗaki a ɓoye, in ta tambaya ya nuna mata. Ita tana ganin ta adana, ni kuma ina ɗaukar tsohon ina ɗorawa.

“Kamar mai ajiye kaya a ɗakin maigida ne, an sauya makulli bai sani ba. Wa ya ce ka zuba aikin mutane a nan?”

“Haka aka koya mini.”

“Wanda ya koya maka ma Bakatsine ne?”

Ya kwashe ayyukan duka ya mayar da su foldar takarduna, ya nuna wa manhajar sabon wurin, ya saita ta ta riƙa aiki irin na tsohon tsari. Bai kai rabin awa ba. Muka ɗora, sunan ya fito.

Sai dai ƙanen matar ya riga ya duba tun jiya.

Na tafi makarantar da ƙafata. Na faɗa wa Mama komai, har da zancen Turai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko takardar matar, muka gwada lambar da ke jiki, ta ƙanen ce, ba ta shiga. Ta rubuta mini unguwa da kwatancen gida a ’yar takarda.

“Da ka faɗa mini tun Litinin, da na aika a motar kasuwa. Yanzu kai ne motar.”

Na rufe shago na hau mota, muka bi ta Zungeru da Tegina. La’asar ta yi kafin in sami gidan. Matar na tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ’ya’yanta uku kewaye da ita. Ƙanen ya aiko mata tun jiya cewa babu sunanta, har ta mayar da takardunta ƙasan akwati. Shekara shida tana taya ungozoma aiki a asibitin garin ba takarda, wannan ne karonta na uku da nema.

Da na faɗa mata sunanta ya fito, ganawa gobe da safe, ta ajiye tiren ta ce in sake faɗa. Mijinta ya fito, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

“Malam, tun daga Minna? Saboda mu?”

Aka kawo ruwa, aka kawo tuwo, aka cika mini leda da gyaɗa. Tsohuwar gidan ta yi ta sa mini albarka, tana cewa irinmu sun yi ƙaranci a duniya. Ina zaune a tabarma ina amsawa da amin. Bakina ya buɗe sau biyu zan faɗi yadda aka yi, sau biyu ina cika shi da tuwo.

Ta zo ganawar, an kuma ɗauke ta. Tun daga ranar ban sake cewa an gama ba sai na buɗe shafi na gani da idona, kuma kalmar sabis ta fita daga bakina sai in da gaske shi ne. Mama ba ta taɓa tona ni ba har ta bar aiki.

Duk shekarun da matar ta yi tana karatu a Minna, in ta dawo daga hutu sai ta biyo ta shagona da gyaɗa ko daddawa, ta ce wa duk wanda ta tarar ni ne na kai mata labari har gida. Ina karɓa, ina godiya. Ban faɗa mata ba har ta gama ta koma Kagara.