Tanis a Dandamalin Shanyar Riɗi

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a wani nadi, wato kulob, na wasan tanis a Khartum. Aikinsa kula da fili: safe da yamma yana yayyafa wa jar ƙasar ruwa, ya ja tabarma a kanta ta kwanta, ya share fararen layuka. A nan na tashi. Tun ban kai tsayin raga ba nake dukan ƙwallo a jikin bango da tsohon madrab, wato abin bugun, wanda wani likita ya jefar saboda ya tsage a wuya.

Na zama ɗan wasa, har na ga ƙasashe biyu ko uku a dalilin haka. Ban yi wani suna ba, amma a garinmu duk mai bin wasan ya san ni. Ina ɗan shekara ashirin da bakwai kafaɗata ta dama ta lalace. Likita ya ce zan iya ɗaga hannu in ci abinci, in yi kabbara, amma buɗe wasa da ƙarfi daga sama ya ƙare mini. Sai na koma koyarwa a nadin da mahaifina ya yi wa hidima. Yara da iyayensu suka riƙa kira na Kabtin, sunan ya bi ni har matata ma takan kira ni da shi in tana son tsokana.

Cikin duk waɗanda na koyar, yarinya ɗaya ce na san za ta wuce ni. Bahaguwa ce, 'yar wani malamin lissafi. Tana da shekara tara ya kawo ta, ga taurin kai, in ta faɗi wasa ba ta kuka, sai ta ƙi yi wa kowa magana har gobe. Shekarar da yaƙi ya tashi tana da sha biyar, kuma an karɓe ta a wata gasar matasa a waje. Mun kai fasfo ɗinmu, nawa da nata, wani ofishin jakadanci don biza. Kafin ranar karɓa ta zo, harbi ya fara. Ofishin ya rufe, fasfo suka tafi ke nan.

Mun yi makonni a ƙarƙashin gado kafin mu samu mota. Ni da matata da Innata muka nufi Gadarif, gidan Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ke noman dawa da riɗi a Simsim, yana kuma da ɗakin ajiya kusa da kasuwar hatsi. Kowa an ce ya ɗauki jaka ɗaya. Ni na ɗauki jakar wasa, da madrab uku da gwangwanin ƙwallo biyu, na cusa riguna a gefe. Matata ta dube ni ta dubi jakar. Sai da muka wuce Madani ta juyo gare ni.

Ta ce, "Takardunmu na gida fa, Kabtin?"

Na ce, "Sati biyu ne, mu dawo."

Baffa ya karɓe mu hannu biyu. Ya ba mu ɗaki da rumfa, ya sa ni a ɗakin ajiyarsa ina duba buhunan da ake shigarwa da fitarwa. Mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa gane sana'ata ba. Wata rana muna shan gahawa da abokansa ya nuna ni ya ce, "Wannan ɗan yayana ne. A Khartum manya yake koya wa korar ƙwallo." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da suka tashi ya dafa ni ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗana. Amma ka faɗa mini tsakani da Allah, a garin nan wa zai bar gonarsa ya zo ka koya masa?"

Daga baya na tambaya ko'ina, ban ji labarin filin da zan iya shiga ba.

Wata na huɗu da zuwanmu Inna ta faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya karkace. Ni kaɗai ta haifa. Matata ke yi mata wanka da canjin kaya, amma ɗagawa daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bayi, sai ni. Inna ba ta yarda wani namiji ya taɓa ta, matata kuma ba za ta iya nauyinta ba. Sau biyar ko shida a rana nake sa hannun hagu a ƙarƙashin gwiwoyinta, in tallafi bayanta da mugunyar kafaɗar, in ɗaga. Saboda haka ba na nisa. Daga gida zuwa ɗakin ajiya, daga can zuwa masallaci, in dawo. Duniyata ke nan.

Ana haka wata safiya na ji an ce "Kabtin!" a bayana cikin kasuwa. Na juya na ga malamin lissafin nan, ya rame, yana riƙe da ledar albasa. Ashe su ma Gadarif suka faɗo, suna zaune a wata makaranta da aka buɗe wa 'yan gudun hijira, iyali uku a aji ɗaya. Muka rungume juna. Na tambayi yarinyar.

Ya ce, "Tana nan. Ba ta magana. Tun da muka zo take kwance tana kallon allo."

A bayan ɗakin ajiyar Baffa akwai dandamalin siminti inda ake shanya riɗi bayan girbi. Sauran watanni babu abin da ke kansa sai kashin tantabaru. Na auna shi da taku. Faɗinsa ya kusa isa, amma tsawonsa bai wuce kashi biyu cikin uku na filin gaskiya ba, kuma daga ƙarshensa sai katangar maƙwabci. Na roƙi Baffa. Ya ce, "Budurwa ce fa, ɗana. Nan ba Khartum ba ce." Muka yi da shi cewa mahaifinta zai riƙa zama a wurin, in ba ya nan matata ta zauna. Ya ce to, amma ranar da riɗi ya iso, kalas, an gama.

Na ɗaura igiya tsakanin turaku biyu, na rataya tsofaffin buhuna a kanta, ta zama raga. Layuka da gawayi na ja su. Ranar farko da ta zo, cikin dogon wando da ɗankwali, ta tsaya ta dubi wurin ta ce, "Kabtin, wannan ne?"

Na ce, "Wannan ne. Riƙe."

Ta buga ƙwallon farko, ta tsallake katanga ta faɗa cikin awakin maƙwabci. Ta biyu ma haka. Mahaifinta ya zagaya ya ɗauko yana ba da haƙuri. A karo na uku maƙwabcin ya leƙo ya ce in ƙwallo ta sake shigowa ba za ta fito ba. Ƙwallo takwas gare mu a duniya, ba inda ake sayar da wata. Dole na ce mata ta rage hannu.

Haka muka yi ta yi kullum bayan sallar asuba, kafin Inna ta farka. Yarinyar ta dawo da magana, ta dawo da cin abinci. Ni ma wannan sa'a ɗaya ita ce nake jin ni ne. Sai ƙwallayen suka fara mutuwa. Simintin ya cinye gashinsu, iskar ciki ta fita, in ka buga sai ka ji ƙara kamar an jefa ɗanyen mangwaro. Tsarkiyar madrab ɗaya ta tsinke, na ƙulla da igiyar kamun kifi, ba ta yi ba. Da damina ta sauka, baƙar ƙasar Gadarif ta zama taɓo mai kama takalmi, kafin ta iso daga makaranta ƙafafunta sun yi nauyi, ga dandamalin yana santsi. Wani lokaci mu yi kwana huɗu ba mu buga ba.

Wata rana muna hutawa mahaifinta ya ciro waya ya ce in ga abin da ya tarar. Hoton bidiyo ne na wasanta na ƙarshe a Khartum. Na kalla sau ɗaya, na ce ya maimaita. A cikin wayar hannunta na fita tun daga baya, ya zagayo, ya ƙare a bisa kafaɗa, ƙwallo ta tafi har gindin fili. Na ɗago na ce ta tashi ta buga mini goma. Duk goman a gwiwar hannu ta tsayar da su. Kafin ta taɓa ƙwallo idonta ya riga ya je kan katanga. Ƙafafunta ma sun daina ja da baya, don ba bayan da za a ja.

Ni na koya mata wancan bugun, shekara shida ina gina shi. Ni ne kuma na rushe shi cikin 'yan watanni don tsoron awakin mutane.

Da la'asar na je makarantar na kira mahaifinta waje. Na ce, "Ustaz, in ta ƙara shekara a hannuna a nan, ta gama. Kana da kowa a waje?" Ya ce ƙanwarsa na aure a Alƙahira, kuma ya ji an fara yin sabon fasfo. Na ce ya fara nema mata.

Akwai wani tsohon abokin karawata da ya daɗe yana koyarwa a Alƙahira. Sau da yawa ya doke ni, sau ɗaya na doke shi, kuma bai taɓa mantawa ba. Na kira shi, na tura masa bidiyon. Bai yi minti goma ba ya kira ni. Ya ce, "Turo ta. Kai ma ka taho, ina neman mataimaki. Me kake yi a cikin buhuna, ya zol, mutumina?"

Na ce zan yi tunani. Kwana uku ina yawo da maganar a ciki. Fasfo ɗina zai fi nata wuya, don duk takarduna suna gidan da na bari, sai an nemo shaidu, amma Baffa ya ce zai tsaya mini. Matata ta ce duk abin da na zaɓa tana bayana. Ban san wa ya kai wa Inna labarin ba. Ina ɗaga ta zuwa kujera da hantsi ta riƙe mini riga da hannunta mai lafiya. Maganarta ba ta fita sosai, sai na kai kunne.

Ta ce, "Ka tafi. Na yafe."

Na ce, "Inna, wa zai ɗaga ki?"

Ta ce, "Allah."

Na zaunar da ita, na gyara mata matashi. Ta fi bara sauƙin ɗauka, ina jin ƙasusuwan bayanta a tafina. Na san hanyar Masar ba ta mai irin jikinta ba ce, na kuma san ba zan iya barin ta ba. Da yamma na kira abokina na ce yarinyar kaɗai za ta zo.

Da ta ji, sai ta koma halinta na ƙuruciya. Kwana biyu ba ta zo dandamali ba. A na uku ta zo ba madrab, ta tsaya a bakin igiya.

Ta ce, "Kabtin, kora ta kake yi?"

Na ce, "Eh."

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, 'yata. Wurin nan ne ya yi miki kaɗan, ni kuma ba ni da wani."

Ta ce ba za ta yi wasa a hannun kowa ba. Na ce za ta yi, kuma duk abin da ya ce ta canja ta canja, ko da ni na koya mata shi. Ta juya ta tafi.

Fasfonta ya ɗauki wata uku. Ranar tafiya na raka su tasha da sassafe, na ba ta madrab ɗin da ya fi lafiya. Ta karɓa, ta ce in gaida Hajiya, wato Inna. Ban jira motar ta tashi ba, don lokacin ɗaga Inna ya yi.

Sati biyu bayan haka riɗi ya iso daga Simsim. Na kwance igiyar da hannuna, aka share dandamali aka baza. Baffa ya so in bi motocinsa zuwa Doka in riƙa kula da lodi, kwana biyu a can kwana biyu a gida. Na ce ba zan iya kwana a waje ba. Ya ce ya sani, ya dai faɗa ne.

Abokina yakan turo mini bidiyonta lokaci-lokaci. Ya canja mata riƙo, ya canja mata tsayuwa. Na farko da na gani raina ya ɓaci, na rubuta masa doguwar magana, sannan na goge. Ya fi ni gaskiya, bugunta ya dawo, har ya fi na da. Ita kuma takan turo gaisuwa ranar Juma'a, gajeriya.

Yanzu ana cewa wasu sun fara komawa Khartum. Wani da ya je ya ce mini filin nadinmu ciyawa ta kai ƙugu, an kwashe turakun raga. Matata ta tambaye ni ko za mu koma. Na ce sai Inna ta iya zama a mota. Likita ya ce mu ci gaba da motsa mata ƙafa safe da yamma, muna yi. Jiya babban yatsanta ya ɗan motsa, ko kuma ni ne na ga kamar ya motsa. Na kira matata ta zo ta duba, muka tsaya a kanta mu biyu, bai sake ba.