Kan Sarkin Kakana a Tabarmar Rabon Gado

Kakana ya yi aikin masinja a ofishin wata makaranta a Birnin Kudu, zamanin da akwai Turawa cikin malamanta. In wasiƙa ta zo musu daga Ingila suka yar da ambulan, sai ya yage kusurwar da ke da kan sarki ya jefa a gwangwanin biskit. Da ya yi ritaya ya dawo Gwaram, da gwangwanin ya dawo.

Ina sakandare ya miƙo mini shi. "Amarya," haka yake tsokanata, "tunda ba kya hira da mutane, ga Sarauniya nan. Gyara mini su, kya samu abokiyar shiru."

A kansu hutuna ya ƙare. Nakan jiƙa su a ruwan ɗumi har takardar ambulan ta saki, in shanya su a bayan faranti, sannan in ɗauke su da matsefatar cire ƙaya don kada yatsa ya ɓata musu haƙora. Na ware na sarki mai gemu daban, na sarkin da ba shi da gemu daban. Na Sarauniya sun fi yawa, fuska ɗaya, launi iri-iri: kore, shuɗi, ruwan goro, ruwan toka. Na jera su a littafin zane daga mai haske zuwa mai duhu, ina rubuta sunan garin da hatimi ya nuna a ƙarƙashin kowanne da fensir. Kakana ba ya gani sosai a lokacin. Sai ya shafa shafin da tafin hannu ya ce, "Kin sa su sahu kamar masallata."

Da damina ya rasu.

Ranar rabon gado aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka fito da komai: riguna, buta, rediyo, har sandarsa. Ban yi zaton za a tuna da littafin ba, sai ƙanin mahaifina da ke zaune a Basirka ya ce, "Ina hotunan Turawan nan? Na gani a waya, a waje nemansu ake yi ido rufe."

Aka aika aka kira ni. Malamin da ke rabon ya tambaye ni a hankali, "'Yata, marigayi ba ki ya yi, ko ajiya ya ba ki?"

Na san amsar da za ta bar mini littafin. Amma na tuna maganarsa daidai yadda ya faɗe ta. "Cewa ya yi in gyara masa, Malam."

"To, gado ne. Sai dai in magada sun bar miki."

Gwaggona ta Farin Dutse ta ce daga bakin ƙofa, "Ku bar wa yarinya kayan wasanta mana." Baffa ya ce, "Wasa? Ke dai yafe naki, ni ban yafe ba."

Haka aka yi ta ɓamɓaro su daga shafi ana tarawa kashi-kashi, namiji biyu mace ɗaya, ba mai duba launi balle gari. Ina tsaye ina jin ƙarar takarda. Aka miƙo mini littafin, ba komai ciki sai rubutun fensir a ƙarƙashin gurabe.

Mahaifina ya ba ni kasonsa a daren. Na mayar da su, kowane sahu da giɓi kamar bakin tsoho. Na Baffa, na ji ya kai Kano ba wanda ya kalle su, kuma bai dawo da su ba.

Bayan girbi Gwaggo ta zo a kan babur, cikin rana. Ta ja ni ɗaki ta kwance haɓar zaninta, inda take ƙulle goro da duk abin da take ji da shi. "Ungo, tun ranar nan suke jikina, ban yarda kowa ya taɓa ba."

Gumi ya manne su sun zama dunƙule guda, jan goro ya rine su. Na yi godiya, na jiƙa su a ruwan ɗumi kamar yadda na saba. Da suka rabu, fuskokin sun bi ruwan.

Ta leƙo tana murmushi. "Sun yi?"

"Sun yi, Gwaggo," na ce, na kife farantin a kansu.