Akwatin da Na Raba Baba da Shi

Daminar da soron Baba ya yi yoyo, ruwan bai sami wurin sauka ba sai kan akwatin littattafan kakanmu Malam, waɗanda ya rubuta da hannunsa. Ba wanda ya lura sai da wari ya tashi. Da aka buɗe, funfuna ta bi takardun, baƙa-baƙa da kore-kore.

Kwana huɗu Baba ya yi a ɗakin, ƙofa a rufe don kada iska ta watsa masa takardu, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana hurewa da baki. Na yi magana, ya ce, "Ke dai kawo mini shayi." Mutumin da ya taɓa yin tarin fuka, da ƙyar ya sha!

Bayan kaka ya fara tari. Wata safiya na je ɗaukar butarsa, sai na ga jini inda ya yi alwala, an tura ƙasa an rufe rabinsa. Ranar nan muka kai shi asibiti.

A asibiti a Katsina likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa, ya nuna mini wani dunƙule kamar ƙaramin curin fura. "Ba tarin fuka ne ya dawo ba," in ji shi. "Funfuna ce. Ƙwayarta a iska take, kowa na shaƙa, amma shi tsohon ciwon ya bar masa rami a huhu, ta sami wurin zama." Har da ba ni labarin wai da irinta ake yin tsamin lemon kwalba. Ina ruwana da lemo? Na ce, "Likita, zai tashi?" Ya ce da magani, in Allah ya yarda, amma in ya koma kan takardun nan, jinin na iya ɓallewa lokaci guda.

Na san ubana. Yana kwance a asibiti na koma gida Daura, na ɗaure hanci da ɗankwali, na kai akwatin gidan ƙaninsa a Dutsi, na roƙe shi ya yi shiru.

Ranar da aka sallame shi, ko ruwa bai sha ba ya nufi ɗakin. Jim kaɗan ya fito.

"Ina akwatin Malam?"

Yayyena maza biyu, gwanayen cika baki, suka sunkuyar da kai. Na san in na ce Dutsi, kafin la'asar yana kan babur.

"An ƙone su, Baba. Sun riga sun ruɓe."

"Wa ya ƙone?"

"Ni."

Ya dube ni, bai yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sha maganinsa, jinin ya tsaya. Littattafan na nan a Dutsi, an shanya su, ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba, kuma har yau tsoro ya hana ni faɗa masa.

Sunan mahaifiyarsa na ci, tun ina goye "Uwata" yake ce mini. Daga ranar nan da sunana na yanka yake kirana.