Salular da Aka Kai Caji a Tsibiri

Duk wanda ya yi harkar fim da ni a Maraɗi ya san ina da zafin kai, kuma bakina ba ya shiru. Aikina montaj, wato ni ke zama gaban na'ura in yanke, in haɗa, in daidaita murya da hoto har abin ya zama fim. Maigidana, wanda ya koya mani aikin, shi ke shirya finafinan da kyamararsa da guminsa. Ɗan Jiratawa ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ya bar wa ƙannensa noman rani ya shigo birni saboda son ba da labari, ni kuwa na biyo shi don ban iya komai ba sai wannan.

Abin da ya kashe mu ba ɓoyayye ba ne. Masu tura fim ne. Ka bi Sabon Gari ka ga rumfunansu, kowa da kwamfutarsa: ka miƙa salularka, ka ba da abin da bai kai kuɗin kwanon fura ba, a cika maka ita da wahalar mutane ta shekara guda. Gidajen tele kuma su ɗauka su haska, ko sannu babu. Ana tare ƴan wasanmu a hanya ana ɗaukar hoto da su, su koma gida ba na cefane. Wallahi abin yana cina har yau.

Muka kafa ƙungiya, mu masu shirya finafinai. Mun sha zaman benci a biro-biro, ofisoshin hukuma, mun sha "ku dawo mako mai zuwa" har na iya faɗinta da muryar sakatare. A ƙarshe shugaban masu tura ya yarda ya zauna da mu. Na je da niyyar in wanke shi tas, sai na tarar da dattijo mai magana a hankali.

Ya dubi maigidana ya ce, "Alhaji, mu ba mu haura katangar kowa ba. Fim ɗinku daga hannunku yake zubowa, mu tsinta kawai muke. Ku kawo mana fim ɗaya ranar Juma'a, wanda babu ɗayanmu da ya taɓa gani. In kun iya, kowace rumfa za ta sayi izini kafin ta tura, kuma haka za a ci gaba a kan kowane fim. In ya riga ku fitowa, ku shafa mana lafiya."

Aka tafa a kan haka. Fim ɗin da ƙungiya ta zaɓa na maigidana ne, wanda muka ɗauka a Tsibiri da damina, labarin manomin da ya ƙi sayar da gonarsa. Wanda ya fito a manomin ba ɗan wasa ba ne, tsoho ne mai gonar gero da muka yi aikin a gidansa. Bai san kyamara ba, bai damu da ita ba, shi ya sa ya fi kowa. Kafin ya yi magana sai ya ɗan yi tari, na yi na yi in cire tarin a montaj, maigidana ya ce in bar shi. Ban gama haɗa fim ɗin ba Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Tsaron da na yi wa fim ɗin nan, ko mai jego ba ta yi wa jinjiri. Na canza kwaɗon ɗakin montaj. Wanda zai shigo ya bar salularsa a waje, ko wane ne shi. Ɗan abin ajiyar da fim ɗin ke ciki na ɗaura masa zare na rataya a wuya kamar laya. Wata ƴar wasa ta roƙe ni in tura mata inda ta fito, ɗan guntu kawai, na yi mata tatas har ta yi kuka. Ina ta cika baki cewa wannan karon sai dai a bi ta kan gawata.

To amma maigidana yana da wata al'ada da ba ya karyawa: fim ba ya fita duniya sai gidan da aka yi aiki a cikinsa sun fara gani. Na ce masa a bari sai bayan Juma'a. Ya ce, "Gidan da muka ci tuwonsa wata biyu, kuma mai gidan yana ƙasa, su ji labari a bakin mutane? Ban iyawa." Na yi ta masifa, ya bar ni na gama, sannan ya ce in ɗauko kwamfuta.

Ranar Talata bayan azahar muka isa Tsibiri. Ni da kaina na bi kowa da faifai na tattara saluloli, na kife su a ƙofar ɗaki. Matar marigayin, wadda duk muke kira Inna, tana cikin takaba. Yanar ido ta rufe mata gani, don haka ba ta fuskanci hoton ba, kunne ta karkato. Da tsohon ya yi ɗan tarin nan nasa, sai ta dafa ƙirji ta ce, "Ga shi nan, da tarinsa!" Ta yi dariya, hawaye na bin fuskarta, haka har aka gama.

Aka kira la'asar, maigidana ya fita masallaci da mazan gidan, ni na tsaya naɗe wayoyi. Inna ta kira ni. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo wata ƴar salula mai maɓallai, wadda take jin wa'azi da ita.

"Ɗana, sa mani shi cikin wagga. Ba kallo nake so ba, ido ya tafi. Muryar kawai."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri zuwa Juma'a. Akwai alkawari a kanmu."

Ta ce, "To, ba komai." Ta fara mayar da salular bakin zane.

Da ta yi mani gardama da na tsira, don gardama na iya. Wannan "ba komai" ita ta karya ni. Babu lokacin da zan ware muryar daban, ana gab da sallame salla, sai na kwafe fim ɗin gaba ɗaya na zuba a katin salularta. Na ce kada ta ba kowa, ko ɗan cikinta. Ta rantse, ta sa mani albarka har na ji kunya, kuma na tabbata ba ta karya rantsuwarta ba.

Abin da na manta, gidan babu wuta. Ni fa, ni da na yi wata biyu ina kai batiran kyamara wurin mai caji na bakin kasuwar garin! Na san shi, na san ban da caji yana tura, na san duk salular tsohuwa da aka kai masa sai ya buɗe katin ya sabunta mata wa'azi, don haka suka saba da shi. Duk na sani. Inna ta yi ta jin mijinta har batir ya mutu, mai takaba kuma ba ta fita, sai ta ba maƙwabciyarta ta kai caji.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsaye a Sabon Gari ina jiran kabu-kabu, sai na ji tari daga shagon wani tela. Na kasa kunne. Na ce a raina tari ai kowa na yi. Sai muryar ta biyo, tana cewa ba za ta sayar da gona ba. Na leƙa, tela ya jingina salula a jikin keke yana ɗinki yana murmushi. Ya ce, "Sabo ne, malam, yau ya shigo. Tsohon nan ya iya!" Na shafa wuyana, layata tana nan inda take.

Juma'a bayan an sauko muka taru, ƴan ƙungiya sun sha manyan kaya. Shugaban masu tura bai yi mana dariya ba, da ma ya yi da na sami abin kamawa. Salularsa kawai ya ajiye a kan tabarma ya kunna. Ya ce, "Alhaji, mu mun zo da niyyar cikawa." Ya tashi, mutanensa suka bi shi.

Wurin ya kaure. Wannan ya ce wancan ne, wancan ya ce ƴan wasa ne, har aka fara cin kwalar juna. Ni mai baki na zauna kamar an ɗinke ni. Maigidana ne ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar zargin juna. Daga gidana ya fita, laifina ne." Bai dube ni ba. Daga ranar ƙungiya ba ta sake cika tabarma ba, kuma ba mu sake samun wanda zai zauna da mu ba. Kafin wata ya ƙare wani gidan tele ya haska fim ɗin har sau biyu. Maigidana ya sayar da kyamara ya koma Jiratawa. Ni na koma ɗaukar bukukuwa, ina bin amare da haske.

Sai da Inna ta fita takaba na iya komawa Tsibiri. Na tafi da ɓacin rai, ban san ma wa zan sauke wa ba. Ta tarbe ni da murna ta ba ni labari tiryan-tiryan, ba ta san abin da ya faru ba. Ashe da mai cajin ya kwashi fim ɗin, sai ya share katin ya zuba mata sabon wa'azi, kamar yadda ya saba. Watanni gari na jin mijinta, ita kaɗai ba ta da shi. Ranar da ta fita, wurinsa ta fara zuwa.

"Ya mayar mani da shi, ɗana, yaron kirki. Abin da ake ba shi kawai na ba shi."

Na yi mata sallama. Daga nan Jiratawa na wuce. Na sami maigidana cikin zogale, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya rame, ya yi baƙi. Na tsaya a bakin kwalbati na faɗa masa duka, ban rage ba, ina so ya zage ni ko ya ɗaga fartanyar nan.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Da na dawo masallaci na ga idonka." Ya toshe wani kwari da ƙafa, ya buɗe na gaba. "Ta dai samu tana jin muryar?"

Na ce tana ji, amma sai da ta biya mai tura.

Ya miƙe ya dafa fartanya. Sannan ya ce, "To, an sami mutum ɗaya da ya sayi fim ɗinmu." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na tsaya a wurin ina kuka kamar ba namiji ba.