Bindigar da Na Ɓoye a Kayan Amana

A Sabon Ibadan da na tashi a ciki, in ka ji an ce bindiga, to ta maharbi ake nufi, wadda ake ɗurawa ta baki, a daɗe ana cusa albarushi kafin ta yi ƙara sau ɗaya. Mutum yakan girma har ya yi iyali bai ga wata iri ba. Yanzu kuwa ina zaune ina jin samari suna jera sunayen bindigogi kamar sunayen 'yan ƙwallo. Kwanan baya na ji ana gardama a rediyo, ko akwai amfani a riƙa sayen bindigogi daga hannun mutane don a raba su da su. Wani ya ce asara ce, wani ya ce dabara ce. Ni na taɓa tsayawa a irin wannan layi, kuma na yi ha'inci a ciki. Shi ya sa zan gaya muku abin da na sani, ku samari, tun ina da bakin faɗa.

A Sabo aka haife ni. Mahaifina dillalin shanu ne a gidan Alhaji Garba, ɗaya daga cikin masu saukar baƙi na unguwar. Fatake su zo daga Arewa da shanunsu, Alhaji ya ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu a kara, wato kasuwar shanu, har a sayar. Ba shi da garke ko ɗaya. Jarinsa duka maganarsa ce. In Alhaji ya ce "a wuyana", magana ta ƙare. Da mahaifina ya rasu, shi ya riƙe ni, ya sa ni makarantar boko, abin da ba kowa ke yi ba a Sabo a lokacin. Na fito ina jin Hausa da Yarbanci da Turanci, sai na zama tafintan gidan. Kowa Akawu yake ce mini.

Daga nan ɓarna ta fara. Bafatake ba ya jin Yarbanci, mahauci ba ya jin Hausa, ni ne a tsakiya. Na gane cewa abin da wannan ya faɗa da abin da zan gaya wa wancan ba dole su zama ɗaya ba, kuma abin da ya faɗo a tsakani nawa ne. Ranar farko na kasa cin abinci. Kafin wata ya zagayo na daina jin komai. Abin da na samu ta wannan hanya ba ya zama a aljihu, sai ya ja ni wani ɗakin caca a bayan shagunan unguwar Mokola, inda na yi abokan da ba sa tambayar sunan uban mutum.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Ibadan ta cika da sojoji masu wucewa, wasu kuma suka riƙa dawowa ba da izini ba. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya zauna karta da mu, aka cinye shi tas, ba abin da ya rage masa sai bindigarsa a naɗe cikin bargo. Na karɓe ta. Ban taɓa harba ta ba, kuma har yau da nake rubutun nan ban taɓa harba bindiga ba. Da wannan na riƙa rarrashin zuciyata. Ba a jima ba wani daga cikin abokan cacar, dogo mai tabo a leɓe, ya ce in ara masa ita kwana biyu, zai ba ni nawa. Ya dawo da ita, ya ba ni. Ban tambaye shi inda ta je ba. Na ce wa kaina haya nake bayarwa, kamar mai hayar keke.

Sai maganar inda zan ajiye ta. A gidajen masu saukar baƙi akwai ɗakin ajiya, inda matafiyi ke barin kayansa amana. Al'adar Sabo ita ce, kayan amana ba a kwance su, ba a tambayar abin da ke ciki, ko da za su shekara ashirin. A ɗakin Alhaji akwai wani dogon ƙullin tabarma na wani Bakatsine da ya tafi Makka a ƙasa tun ina ƙaramin ɗan makaranta, bai dawo ba. Ko mai shara ba ya matsar da shi. Na zaɓi lokacin da kowa ya tafi kara, na kwance igiyar, na kwantar da bindigar tsakanin rigunan mutumin da allonsa, na mayar na ɗaure. Na san a duk faɗin Ibadan babu inda ya fi nan ɓoyuwa.

A shekarar ƙarshe ta yaƙin fashi ya yi yawa a hanyoyi. Manyan Sabo suka taru. Suka ce mu zaune muke a garin mutane, ranar da aka kama bindiga ɗaya a unguwar nan ba za a ce ta wane ba ce, za a ce ta Hausawa ce. Sai 'yan goro da 'yan shanu suka haɗa kuɗi, suka daidaita da hukuma: na 'yan makonni, duk mai bindiga ya kawo ta zauren Alhaji Garba, a biya shi, ba za a tambayi sunansa ba, 'yan sanda su zo su kwashe. Bayan wa'adin kuma kowa ya kuka da kansa. Mai shela ya zaga lungu-lungu.

Wannan ƙofa ce aka buɗe mini, amma ni kasuwa na gani. Na tafi wajen wani maƙeri a ƙauyen bayan gari, na kwaso matattun bindigogin maharba, wasu ko kunama babu, na riƙa turo su ta hannun mutane, biyu kuma na kawo da kaina. Alhaji ya juya ɗaya a hannunsa yana dariya, ya ce, "Akawu, yaushe ka zama maharbi ban ga ko ɓeran daji ba?" Na ce ta wani aboki ce mai jin kunya. Ba ni kaɗai na yi wannan wayo ba. Tarin da ke kusurwar zauren yawancinsa tsatsa ne.

Amma ba duka ba. Ina nan wani tsohon soja mai ɗingishi, Inuwa, ya shigo da ta gaske, irin tawa. Ya ajiye ta a gaban Alhaji, ya zauna a ƙasa ya daɗe bai tashi ba. Ya ce tun da ya dawo take ƙarƙashin gadonsa, kullum ya yi fushi da wani sai ya ji tana kiransa, kuma bai san wanda zai ba ba tare da an ɗaure shi ba. Da abin da aka ba shi ya sayi keken ɗinki. A bakin titin Mokola ya yi ta ɗinki har furfura ta rufe shi.

Ranar da wa'adi zai cika, bayan la'asar, Alhaji ya tara mutanen gidansa. Ba ya bincikar ɗakin mutumin gidansa, don a wajensa wannan cin mutunci ne. Tambaya yake yi sau ɗaya. Da ya zo kaina ya ce, "Kai ne mai yawo cikin gari, kai ne idona. Akwai sauran wata a gidan nan, ko a hannun wani namu?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce, "Ka tabbata? Gobe zan je gaban hukuma in ba da bakina."

Na ce na tabbata.

Tsakanina da ƙofar ɗakin ajiya bai fi taku goma ba. Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe ni. Kwaɗayin hayar yana ciki, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne kunya. Bindiga an ce an yafe, sai dai in na ɗauko ta, Alhaji zai san na kwance kayan amana, wannan kuwa ba ya cikin shela. Na ji kunyar ƙaramin laifi, na rungumi babba.

Bayan wata biyu mai tabon leɓe ya sake karɓa, ya dawo da ita a gurguje, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Ashe sun tare wata babbar mota a gaban Ojoo, can bakin gari, da rana tsaka, direban bai tsaya ba, suka harbe shi. An kama ɗaya daga cikinsu. Shi bai san ni ba, abin da ya sani kawai daga gidan Alhaji Garba ake karɓo ta.

Da hantsi 'yan sanda suka zo. Alhaji bai razana ba. Da kansa ya riƙa buɗe musu ɗakuna, ni ina biye ina fassara, don shugabansu Bayarabe ne. Jama'a sun cika ƙofar gida. Da aka zo ɗakin ajiya, jami'in ya nuna ƙullin tabarmar da sandarsa. Alhaji ya sha gabansa, ya juyo gare ni.

"Gaya masa wannan amana ce. Mai ita yana hanyar Makka. Na rantse da Allahn da ya halicce ni, tun ranar da ya ɗaure ta babu hannun da ya taɓa ta."

Da bakina na juya wannan rantsuwa zuwa Yarbanci, ban rage kalma ko ɗaya ba. Ni da na saba sauya maganar mutane, ranar ce na fassara daidai.

Jami'in ya durƙusa ya duba. Ƙura ta rufe tabarmar, amma ƙullin igiyar fes yake. Ya ce cikin ladabi, Baba, wannan ɗaurin sabo ne. Alhaji ya ce, "Me ya ce?" Ban fassara masa ba. Ya sake tambaya, na kasa ɗaga kai. Aka sa wuƙa aka yanke igiyar. Alhaji bai kalli bindigar ba, ni ya kalla. Sai da na ga sun kama hannunsa za su sa masa ankwa, sannan bakina ya buɗe, na ce tawa ce, bai san da ita ba.

A kotu na fara jin sunan direban. Matarsa tana zaune a baya da goyo, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Da yake ba ni na harba ba, na tsira da raina, aka yanke mini shekaru masu yawa.

Yunwa da ƙwarƙwata ana sabawa da su. Abin da ban saba da shi ba shi ne ranar ziyara. A kira sunan wannan, a kira na wancan, ni ina jingine da bango. Daga Sabo ba wanda ya taɓa zuwa, ko wasiƙa. Salla ta zo ta wuce sau da yawa ba wanda ya ce mini barka da Hausa. Harsuna uku a bakina, na rasa wanda zan yi hira da shi da ko ɗaya. A nan na koma salla, na riƙa tuno surorin da na bari. Wani sabon ɗaurarre ne ya ba ni labarin gida. Ya ce ba wanda ya zagi Alhaji, kowa ya san ba laifinsa ba ne. Fatake dai suka riƙa sauka a wasu gidaje. Mutumin da ya rantse a gaban jama'a aka buɗe aka ga akasi, in ya ce "a wuyana" ba ta ƙara yin nauyi.

Ranar da aka sake ni na wuce Sabo kai tsaye. Na sami Alhaji a zaure shi kaɗai, ya tsufa ƙwarai, tabarmin baƙi a naɗe a jingine. Na yi sallama na durƙusa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Akawu ne?" Na ce ni ne, Baba, na zo neman gafara.

Ya ce, "Abin da ke tsakanina da kai na yafe tun kana can. Bakina ka ara ka yi ƙarya da shi, ya wuce. Na mai motar kuwa ba nawa ba ne, balle in yafe maka."

Ya sa aka kawo mini ruwa. Bai ce in zauna a gidan ba, ni ma ban roƙa ba. Na nemi iyalin direban, aka ce sun daɗe da barin gari.

Na bi duniya. Na yi Kumasi, na yi Lome, na yi Garwa da Injamena, ina tallar goro, ina tafinta, ban ƙara sauya maganar kowa ba. Ban yi aure ba, don duk inda aka fara tambayar asalina sai in ɗaure kayana. A wasu wuraren na ga an tara bindigogi bayan yaƙi, an biya masu su, an cinna wa tarin wuta a fili. Ko'ina abu ɗaya na gani: tsatsa ta fi yawa, kuma 'yan wayo irina suna cikin layi. Mugu ba ya sayar da abin da yake ci da shi, wanda ya ce kuɗi kaɗai zai share gari bai san mu ba. Amma ko'ina kuma akwai mutumin da ya gaji da abin da ke ƙarƙashin gadonsa, yana neman inda zai ajiye ba a ɗaure shi ba. Saboda shi, ni dai na ce abin ya cancanci a yi, ko da za a biya tsatsa goma kafin tasa ta zo. Sai dai kada mai karɓa ya rantse cewa an gama.

Ku samari, in akwai wani abu a hannunku, kuma aka buɗe irin wannan ƙofa, ku shiga tun tana buɗe. Kada ku ce ai ba ni ke harbi ba, haka na ce. Kada kunyar wani dattijo ta hana ku faɗin gaskiya. Kunyar yini ɗaya ce, ni na musanya ta da ta rayuwa. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa, kuma kullum ina sa direban nan a addu'a.

Alhaji ya rasu shekara biyu bayan fitowata, ina Kumasi, ban samu jana'izarsa ba. Gidansa bai sake saukar baƙo ba. Kuma tun daga ranar da aka yanke igiyar nan, masu masaukin da na sani a Sabo ba su ƙara karɓar kayan amana ba sai an kwance an duba a gaban shaidu.