Yadda Mai Latas Ya Bar Bakin Titi

Shekara talatin da ɗoriya Mai Latas ya yi yana baza kayan lambunsa a gefen tashar mota. Buhu yake shimfiɗawa, ya jera latas da kabeji da karas, yana yayyafa musu ruwa da wani tsohon gwangwani da ya huhhuda da ƙusa. Lambun gadon mahaifinsa ne a bayan gari, ɗan ƙarami, amma da shi ya ciyar da gida har 'ya'yansa uku suka kama gabansu. Ba shi da yawan magana. In aka yi wa kayansa tayin wulaƙanci, sai ya ce, "Akuya ma ta fi ka sanin darajarsa," ya ci gaba da yayyafi.

Wata rana jami'in gona ya zo da takardu. Ya ce gwamnati ta gina wa ƙananan manoma kasuwa tasu ta kansu: rumfunan siminti, famfo, da ɗakin sanyi inda ganye zai yi kwanaki bai yi yaushi ba. Babu dillali, daga gona sai hannun mai saye. Mai Latas ya dangwala yatsa.

"Malam, wa zai bi ka can?" in ji matarsa da ya gaya mata. "An ce sai an wuce gidan ruwa da nisa."

"Inda kaya suke, nan mai saye yake zuwa."

"Mai saye ƙafarsa gajera ce," ta ce, ta koma kan wankinta.

Ranar buɗe kasuwa manya suka zo, aka yi jawabai, aka ɗauke shi hoto rungume da kabeji. Da ya shiga ɗakin sanyin ya ji iska ta ratsa rigarsa, sai ya yi dariya shi kaɗai. A makon nan ya bar shuka albasa, wadda take jure ajiya, ya cika lambun da latas tun daga bakin rijiya har shinge.

Injin ɗakin sanyin ya yi wata guda yana aiki, sannan ya tsaya. Jami'in ya ce an rubuta wa ofis. Motocin haya kuwa ba sa bin hanyar, ba macen da za ta yi wannan tafiya saboda ƙullin ganye. Latas ɗin da ya shuka ya nuna gaba ɗaya. Kullum da la'asar sai ya loda abin da ya ruɓe a baro ya kai juji, ya dawo ya wanke teburin rumfarsa.

Sau ɗaya ya gwada komawa tsohon wurinsa. Ya tarar an kewaye shi da waya, an hana kasa kaya tunda an ba su kasuwa. Bai gama shimfiɗa buhu a gefe ba ma'aikatan hukuma suka kwashe kayan suka jefa a mota. Ɗayansu, wanda ya sha sayen karas a wurinsa, ya kau da kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba, aiki aka sa mu."

Da shekara ta zagayo ba shi da ƙarfin sake shuka. Ya bar wa ƙanin matarsa lambun, shi kuma ƙanin ya zuba masara. Jami'in, da kunya ta dame shi, ya samo masa aikin gadin kasuwar. Rumfa arba'in ce, uku kaɗai ake buɗewa. Yana share su duka da safe, ya zauna a bakin ƙofa kan benci.

Babbar 'yarsa ta zo ganinsa, ta ce, "Baba, ka dawo wurinmu ka huta mana."

"Hutun nake yi ai," ya ce.

Matarsa ba ta taɓa ce masa ai dama ta faɗa masa ba. Ta dai lura cewa in zai tafi aiki, ya daina bin hanyar da ta ratsa ta gefen lambun. Ta bayan makaranta yake zagayawa, ko da ta fi nisa, ga ciwon gwiwa.