Hoton Malam Buba a Bangon Kaduna

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na tsaya a wani zauren baje kolin hotuna a Kaduna cike da fushi ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambayata dalilin da ya sa ba na yarda baƙo ya bi ni ruga da kyamara, bari in ba ku labarin tun daga farko.

A lokacin ina matakin albashi na takwas a sashen gona na ƙaramar hukumarmu, ɓangaren lafiyar dabbobi. Aikina allurar rigakafi ne, musamman ta ciwon huhu na shanu. Ga wanda bai san aikin ba, ba a faɗa wa ruga kai tsaye. Sai ka aika wa arɗo, shugaban Fulanin wurin, ya sa rana, ya gaya wa mutanensa su tsare shanu da sassafe kafin a kora su kiwo. Kai kuma ka ɗaure kula mai ƙanƙara a bayan babur, domin in maganin ya ji zafi ya lalace, ka kama hanyar da a wasu wuraren sai ka sauka ka tura. Na fi shekara goma ina wannan zirga-zirga kafin Fulanin wajen Randagi su daina ɓoye mini rabin garkensu.

Wata Litinin da kaka shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Na tarar da wani matashi mai suna Kamal, da jaka cike da kyamarori. Ya ce shi ba ɗan jarida ba ne, hotunan fasaha yake ɗauka, irin waɗanda ake ratayewa a bango mutane su zo kallo, kuma yana son ya nuna wa duniya halin da mutanen daji suke ciki. Na gaya wa oga cewa a irin lokacin da muke ciki, fuskar Bafulatani in ta shiga waya tana iya zama sanadin ajalinsa. Ya ce umarni ne daga sama, in kai shi kawai.

A rugar da muka je akwai Malam Buba, ƙanin arɗo, dattijo mai kusan shekara sittin. Ɓarayin daji sun kwashe masa yawancin shanunsa, kuma sun kashe babban ɗansa a ranar da suka zo korar su. Da ya ga kyamara sai ya juya baya. Ni na lallashe shi. Kamal ya yi alkawari a gabana da gaban arɗo cewa duk inda hoton zai fito, za a rubuta a ƙarƙashinsa cewa makiyayi ne da aka zalunta. Malam Buba ya dube ni ya ce, "Likita, shi ban san shi ba. Kai na sani." Ya tsaya aka ɗauka.

Bayan wata huɗu katin gayyata zuwa baje kolin Kamal ya iso. Na sa manyan kaya, na bi jerin motocin da jami'an tsaro ke rakawa zuwa Kaduna. Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Farin bango ne ko'ina, ga sanyin na'ura, kowane hoto da fitilarsa, duk hotunan marasa kala ne, fari da baƙi. Kuma in faɗi gaskiya, yaron ya iya aikinsa. Akwai hoton wata mata a Tabanni tana sheƙar dawa, ƙaiƙayin yana tashi kamar hayaƙi. Akwai hannuna ma, riƙe da sirinji a wuyan wata farar saniya. Na ji daɗi har ina neman wanda zan nuna wa.

Sai na iso bangon ƙarshe. A hagu rumbu ne ƙonanne daga wajen Gwaska. A dama wani gida ne da mutanensa suka gudu suka bar ƙofa a buɗe. A tsakiya, ya fi su duka girma, Malam Buba. An ɗauke shi daga ƙasa, ya yi tsawo ya cika bangon. Rawanin da ya ja ya rufe baki saboda ƙurar shanu ya bar idanu kawai. An ƙara wa hoton duhu har sandar da ya saɓa a kafaɗa ta koma kamar bindiga. A ƙasa, da Turanci da Hausa, kalma biyu ce kawai: Masu Dajin.

Wasu mata biyu suna tsaye a gabana, ɗaya tana ce wa ɗaya ta dubi idonsa, babu alamar imani a ciki. Wani mutum a gefe ya ɗaga waya yana ɗauka. Na ratsa mutane na samu Kamal yana gaisawa da baƙi, na kama hannunsa na jawo shi gaban hoton.

"Ina alkawarin da ka yi a gaban arɗo?"

Ya yi murmushi ya ce in kwantar da hankali, shi bai rubuta ɗan bindiga a ko'ina ba. Ya ce dogon bayani yana kashe hoto, mai kallo ake bari ya fassara da kansa.

Na ce masa, "Ga fassarar nan na ji da kunnena. Mutumin nan da hannunsa ya binne ɗansa. Kai za ka kwana a Kaduna, shi kuma ranar Laraba zai ci kasuwa da wannan fuskar."

Muryata ta tashi, zauren ya yi tsit. Na miƙa hannu zan sauke hoton da kaina, mai gadi ya riƙe ni. Hajiyar da ke kula da wurin ta shigar da ni ofishinta, ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na gama. Ita dai ta fahimta. Ta sa aka cire rubutun nan take, ta ce hoton zai sauka in an tashi. Na ce mata waɗanda suka ɗauka a waya fa? Na fito na kama hanya.

Ban kai gida ba sai da na aika wa arɗo cewa Malam Buba ya ƙaurace wa kasuwa. Ya yi haƙurin mako biyu. A na uku gishirin shanu ya ƙare, ya fita. Kafin nan hoton ya zagaya wayoyin samarin yankin, wani ma ya ƙara rubutu a kai cewa babban ɗan bindiga ne da ake nema. 'Yan sa-kai suka tare shi a bakin kasuwa suka ɗaure. Da hantsi labari ya same ni a ofis. Na ɗauki littafin rigakafi na hau babur, na biya na ɗauko dagacin garin. Na buɗe wa 'yan sa-kan shafi bayan shafi, ga sunansa shekara da shekaru, ga yadda yawan shanunsa ya faɗi a shekarar da aka yi masa sata. Dagaci ya rantse ya san shi tun suna samari. Sai bayan la'asar suka kwance shi, fuskarsa a kumbure, haƙori ɗaya babu.

Na durƙusa ina ba shi haƙuri. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya karɓi sandarsa ya tafi. Kafin damina ya kwashe iyalinsa da sauran shanunsa ya yi wajen jihar Neja. A shekarar rugage uku suka ƙi karɓar allura daga hannuna, ciwon huhu ya shiga ɗaya daga cikinsu ya yi ɓarna a maruƙa.

Ni kuma da na koma ofis takardar tuhuma na tarar tana jirana, wai na kunyata ƙaramar hukuma a gaban manyan baƙi. Na amsa ta da shafi biyu, na rubuta duk abin da ya faru, har da gargaɗin da na yi wa oga tun ranar farko. Ba a sake tayar da maganar ba. Kamal ya kira ni sau ɗaya, ya ce ya yi nadama, bai zaci abin zai kai haka ba. Na tambaye shi ko zai zo ya faɗa wa arɗo haka da bakinsa. Ya ce hanyar ba ta da tsaro.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, maganin da ke cikin kula kowa zai iya koyon yi wa saniya a mako guda. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne mutum ya buɗe maka garkensa da gidansa. Duk baƙon da kuka goya a babur zuwa ruga, da yardar da aka ba ku yake shiga, kuma shi zai koma garinsu, ku ne za ku dawo baɗi ku dubi mutanen nan ido da ido. In oga ya ce umarni ne daga sama, ku ce ya ba ku a rubuce. In baƙo ya yi alkawari, ku tambayi kanku ko za ku iya tilasta masa cikawa. In ba za ku iya ba, kada ku sa bakinku a ciki.